Sauya Sigar Hoton Maɗaba'a Zuwa Wadda Kowace Waya Ke Buɗewa

Duk wanda ya ratsa unguwannin masana'antu na birnin Kano, ko Bompai wadda ita ce ta fari tun zamanin mulkin Turawa, ko Sharada da aka yanka ta kashi uku, ko Challawa inda majemun zamani suka yi sansani kusa da kogi, zai tarar da cewa da wuya wata haja ta fita daga ƙofar kamfani face da rubutu da zane a jikinta: buhun shinkafa da tambarinsa, ledar ruwa da lambar hukumar NAFDAC, kwalin sabulu, takardar alewa, robar man gyaɗa. Kowane ɗaya daga cikinsu, tun kafin tawada ta taɓa shi, hoto ne a cikin kwamfuta, a hannun wani mai zane wanda galibi ba a san sunansa ba. Kuma an ajiye hoton nan ne a wata siga ta musamman wadda injin bugu ke fahimta, alhali kuwa wayar mai kayan, wanda shi ne zai biya kuɗi, shi ne kuma zai ce ya yarda ko bai yarda ba, ba ta san wannan siga ba ko kaɗan. Daga nan ne ake samun abin da ke aukuwa kullum, a aika wa ɗan kasuwa a Singa ko Dawanau zanen kayansa, ya bugo waya ya ce, "Malam, abin nan fa ya ƙi buɗuwa," ko kuwa ya buɗu amma koren da aka yi yarjejeniya a kansa ya rikiɗa ya zama wani launi dabam, har zargi ya shiga tsakanin mutanen da babu wanda ya yi niyyar cutar ɗan'uwansa.

Maganin wannan mas'ala ba mai wuya ba ne, amma yana da sharuɗɗa, kuma babbansu shi ne mai aiki ya san cewa babu wani sauyin siga da ake yi ba tare da an bar wani abu a baya ba, sa'an nan ya san mene ne abin da ya bari, ya bar shi da gangan. Malamanmu masu kwafar littattafai da hannu, a Kano da Katsina da Sakkwato, sun gaji ladabi biyu a wannan babi. Na ɗaya, ba sa ɗora alƙalami a kan asalin littafin da aka ba su amana. Na biyu, idan sun gama kwafa sai su yi muƙabala, wani yana karanta asali, wani yana bin kwafi da ido, har a tabbata ba a tsallake layi ba, ba a kuma sauya wasali ba. Duk abin da zai biyo baya a wannan jagora, a kan waɗannan ladubba biyu aka gina shi.

Sanin abin da ke hannunka

Hotunan kwamfuta iri biyu ne. Akwai zanen layi, irin wanda ake yi da CorelDRAW, manhajar da masu zanen Kano suka fi sabawa da ita, inda kwamfuta ke riƙe da lissafin layuka da da'irori, ta yadda za a iya faɗaɗa zanen daga girman tambarin wasiƙa zuwa girman bango bai dushe ba. Akwai kuma hoton ɗigo, wanda shi ne abin maganarmu, inda aka yanka hoton gida-gida a tsaye da kwance, kowane gida, wato fiksal, yana ɗauke da lambar da ke nuna launinsa. A bisa al'ada launin kowane ɗigo ana haɗa shi ne daga ja da kore da shuɗi, kowanne da daraja 256, wanda idan aka ninka su za a sami launi 16,777,216. Takardar A4 guda, idan aka ɗauke ta a kan ɗigo 300 a kowane inci, kamar yadda maɗaba'a ke bukata, za ta zama ɗigo 2480 a faɗi da 3508 a tsawo, nauyinta kuwa ya kai wajen megabait 26 in ba a matse ta ba. Wanda ya riƙe wannan lissafi ya riga ya fahimci dalilin da ya sa fayil ɗin buhu guda ke iya cinye datar mutum ta wuni.

Abu na farko da ya wajaba shi ne ka duba haruffan da ke wutsiyar sunan fayil, bayan ɗigo, domin su ne ke sanar da sigarsa; in kwamfutarka tana ɓoye su, ka umarce ta ta bayyana su. Waɗanda suka fi yawo a tsakanin maɗaba'u su ne TIF, da PSD, da ire-iren ɗanyen hoton kyamara. Sigar TIFF kamfanin Aldus ne ya fito da ita a 1986, aka kammala bugunta na shida a 1992, sa'an nan ta koma hannun Adobe a 1994 lokacin da kamfanonin biyu suka haɗe. Falalarta ita ce tana karɓar kusan kome, launukan tawada huɗu, da shafuka masu yawa, da daraja 65,536 ga kowane launi maimakon 256, kuma wannan yalwa tata ita ce aibinta, domin ba kowace manhaja ce ta san dukan fuskokinta ba. PSD kuwa sigar Photoshop ce, wadda ke ajiye zane leya-leya, rubutu dabam, hoton haja dabam, bango dabam.

A nan akwai wani kuskure da ya yaɗu wanda ya kamata a yi gargaɗi a kansa tun da wuri, wato mutum ya goge haruffan wutsiya ya rubuta JPG a madadinsu, yana zaton ya sauya siga. Bai sauya kome ba face suna. Kowane fayil yana ɗauke da alamarsa ta haƙiƙa a farkon cikinsa: na TIFF yana farawa da II ko MM, na Photoshop da 8BPS, na PNG kuwa sunansa ne a rubuce a wurin. Manhaja mai kula, irin IrfanView, takan karanta wannan alama ta gaya maka cewa suna da ciki sun saɓa, har ta nemi izinin gyarawa. Saboda haka idan fayil ya ƙi buɗuwa, kafin ka yanke hukuncin cewa ya lalace, ka fara tuhumar sunansa.

Zaɓen sigar da za a koma

Sigogin da babu wayar da ba ta buɗe su biyu ne, JPEG da PNG, kuma zaɓi a tsakaninsu shi ne hukunci mafi nauyi a duk aikin. JPEG, wadda aka tabbatar da ƙa'idarta a 1992, an ƙirƙire ta ne domin hoton da kyamara ta ɗauka. Takan yanka hoto gida-gida, ɗigo takwas a tsaye takwas a kwance, ta zubar da ƙananan bambance-bambancen da idon ɗan Adam bai cika lura da su ba, musamman na launi, har nauyin ya ragu ninki goma ko fiye, mai kallo bai ga wani naƙasu ba. Amma abin da ta zubar ya tafi ke nan, ba ya dawowa; kuma duk lokacin da aka buɗe ta aka gyara aka sake ajiyewa, sai ta ƙara zubar da wani abu a kan na farko. Inda ta fi rauni shi ne gefen rubutu, inda baƙi ya haɗu da fari kai tsaye, domin a nan takan bar wani ƙura-ƙura kewaye da haruffa, jan rubutu ƙanana kuwa sai ya yi kamar ya jiƙe.

PNG ta fito ne a 1996, bayan rigimar da ta tashi lokacin da kamfanin Unisys ya nemi a riƙa biyansa haƙƙin dabarar matsewa da ke cikin tsohuwar sigar GIF, sai wasu masana suka haɗu suka tsara wadda babu mai mallakarta. Ita tana matse hoto ba tare da ta zubar da ko ɗigo guda ba, kuma tana iya barin bayan tambari wayam, ta yadda za a ɗora shi a kan kowane launi ba a ga farin akwati kewaye da shi ba, abin da JPEG ba ta iyawa. Illarta nauyi ne idan hoton kyamara ne, kuma ba ta karɓar launukan tawada huɗu sam.

Ra'ayina a taƙaice shi ne, duk abin da rubutu ya rinjaya a cikinsa, kamar sitikar kwalba, da bayan kwali inda ake jera sinadarai da ranar lalacewa, da tambari, a mai da shi PNG. Duk abin da kyamara ta ɗauka, kamar fata ko atamfa ko injin da ake son sayarwa, a mai da shi JPEG, a sa ma'aunin inganci tsakanin 85 da 92, domin abin da ya haura haka nauyi kawai yake ƙarawa wanda ido ba ya cin moriyarsa. Idan kuwa TIFF ce mai shafuka da yawa, irin wadda sikana ke fitarwa daga takardun kaya da rasiɗai, to PDF ce mazauninta, domin JPEG shafi ɗaya tak take ɗauka.

Matakan aikin, da mas'alar launi

Ka fara buɗe sabuwar folda, ka kwafo fayil ɗin cikinta, ka rufe ta asali kada ka sake komawa gare ta sai ranar bugu. Dukan abin da za a ambata a ƙasa, a kan kwafin ake yin sa.

Sa'an nan ka duba tsarin launinsa, domin a nan ne mafi yawan saɓani ke tsira. Fuskar waya haske take fitarwa, tana haɗa ja da kore da shuɗi, shi ne ake kira RGB. Injin bugu kuwa tawada yake zubawa a kan takarda ko leda, yana haɗa shuɗi mai haske, da ja mai ɗaukar shunayya, da rawaya, da baƙi, shi ne CMYK. Ana iya ajiye JPEG tana ɗauke da launukan tawada, kuma da yawa suna yin haka bisa rashin sani, amma wayoyi da manhajoji da dama ba sa fassara ta daidai, sai launi ya yi ƙyalli fiye da kima, wani lokaci ma ya kife. Wajibi ne a mai da hoton zuwa sRGB, ma'aunin da kamfanonin HP da Microsoft suka shimfiɗa a 1996, wanda kusan kowace waya ke ɗauka cewa shi aka ba ta idan ba a gaya mata wani abu ba. A Photoshop umarnin da ya dace shi ne Convert to Profile, wanda ke lissafa kowane launi ya nemo makwafinsa a sabon ma'auni. Akwai wani maƙwabcinsa mai suna Assign Profile, wanda ke sauya fassara kawai ya bar lambobi yadda suke, kuma danna shi a wannan muhalli ɓarna ce. Lokacin ajiyewa ka bar alamar sRGB maƙale a cikin fayil ɗin.

Akwai wata mas'ala mai zurfi da ta keɓanci masu buga leda da buhu. Sau da yawa launin tambarin kamfani ba a haɗa shi daga tawada huɗu, a'a, tawada ce guda da aka dama ta musamman bisa lambar Pantone, tana da nata faranti ko silinda a injin bugu. Haka nan ruwan zinariya, haka nan farar tawada da ake shimfiɗawa a ƙarƙashin zane idan leda mai shara-shara ce, domin launi ya fito. Irin waɗannan suna zaune ne a wasu sassa na daban a cikin fayil, kuma JPEG da PNG ba su san da su ba. In ka ajiye kai tsaye, sai su ɓace ba tare da sallama ba, mai kaya ya buɗe ya tarar babu sunan kamfaninsa. Dole ne a narkar da su cikin hoton tukuna, da umarnin Merge Spot Channel, kafin a haɗe leyoyi. Farar tawada kuwa ba ta ganuwa a kan farin bango, saboda haka kyautatawa ce ka sa bango mai ruwan toka a ƙarƙashin kwafin, ka kuma gaya wa mai kaya cewa tokar nan ledarsa ce take wakilta.

Bayan launi sai haɗe leyoyi su zama ɗaya, amma ka fara duba waɗanda aka kashe da waɗanda aka kunna, domin masu zane sukan bar tsohon farashi ko tsohuwar lambar waya a wata leya, kuma abin da ke kunne lokacin haɗewa shi ne zai tafi. Sa'an nan idan hoton mai daraja 65,536 ne, a sauko da shi zuwa 256, bayan an gama duk wani gyaran haske. Daga ƙarshe sai rage girma. Domin kallo a waya, ɗigo 2000 a ɓangaren da ya fi tsawo ya wadatar. In kuwa akwai ƙananan rubutu da ake son mai kaya ya karanta ya tabbatar, gara ka yanko wannan yanki shi kaɗai da cikakken girmansa ka aika a matsayin hoto na biyu, da ka aika dukan buhu da nauyin da ba zai sauka ba.

Wanda ba shi da Photoshop bai rasa hanya ba, kuma ba na ganin hujjar dogaro da manhajar sata alhali ga halattacciya kyauta. GIMP, wadda ɗalibai biyu na Jami'ar Kalifoniya a Berkeley, Spencer Kimball da Peter Mattis, suka fara a 1995, tana buɗe TIFF da PSD, kuma da umarnin Export As ake fitar da JPEG ko PNG daga cikinta. IrfanView da XnConvert suna juya ɗaruruwan hotuna a zama ɗaya. Ga wanda kuma bai tsoron rubuta umarni da hannu, akwai ImageMagick, wadda John Cristy ya fara a 1987 yana aiki a kamfanin DuPont, kuma layi ɗaya ya isa:

magick buhu.tif -colorspace sRGB -resize 2000x2000 -quality 90 buhu.jpg

Sai dai a sani cewa wannan juyin launi na ƙiyasi ne, ba ya kai na wanda aka ba shi fayil ɗin ma'aunin launi da kalmar -profile daidaito. Idan PSD ce, a rubuta [0] manne da ƙarshen sunanta, domin a ɗauko hoton da aka riga aka haɗe, in ba haka ba kowace leya za ta fito a fayil nata. Idan kuma folda guda ake son juyawa gaba ɗaya, sai a buɗe wata mai suna kwafi a cikinta a rubuta:

magick mogrify -path kwafi -format jpg -quality 90 *.tif

Ina jan hankali ƙwarai game da mogrify, domin ɗabi'arta ita ce rubutawa a kan fayil ɗin da aka ba ta. Wanda ya manta da -path da -format, ya kuma sa umarnin rage girma, zai wayi gari asalinsa ya ƙanƙance babu hanyar komawa.

Ɗanyen hoto, da hoton faranti

Fatun da ake jemewa a Challawa da yawansu Italiya da Sifaniya suke tafiya, kuma mai saye a can, kafin ya ga samfuri a hannunsa, hoto yake fara gani. A cinikin fata kuwa ɗan bambanci tsakanin ja mai duhu da ruwan ƙasa yana iya tayar da ciniki. Manyan kyamarori suna ajiye abin da ake kira RAW, wanda Canon ke yi wa wutsiya da CR2 ko CR3, Nikon da NEF, Sony da ARW. Adobe kuma ta fito da DNG a 2004 domin ta zama siga ta gama-gari. Haƙiƙa wannan bai zama hoto ba tukuna, lissafin hasken da ya faɗa a kan idon kyamara ne, kowane ɗigo launi ɗaya kawai ya gani, sai manhaja ta cike sauran biyun daga maƙwabtansa. Saboda haka juya shi wankin hoto ne, kamar yadda masu ɗakin duhu suke yi a da, kuma mai wankin ne ke yanke hukuncin haske da launi. Manhajojin darktable da RawTherapee kyauta ne, kuma sun isa. Dabarar da ta fi kowace amfani ita ce a ajiye kati mai ruwan toka kusa da fatar a hoton farko, a ƙarƙashin hasken da za a ɗauki sauran, sa'an nan a lokacin wanki a nuna wa manhaja katin a ce wannan shi ne toka tsantsa, a ɗora wannan gyara a kan dukan hotunan zaman. Fitilar cikin masana'anta takan sa kome ya yi kore-kore ko rawaya-rawaya, ido ya saba bai gani ba, amma kyamara ta gani. Kuma ina roƙon mai wanki ya tsaya a kan launin da fatar take da shi, kada ya ƙara mata armashin da ba nata ba, domin nuna haja fiye da yadda take algus ne, ko da kwamfuta aka yi shi.

Wayar iPhone tun 2017 tana ajiye hoto a sigar HEIC, wadda tsofaffin kwamfutocin ofis ke ƙi. A shiga saitin kyamara a zaɓi Most Compatible, daga nan JPEG za ta riƙa ɗauka. WebP ta Google, wadda ta fito a 2010 kuma ake yawan saukowa da ita daga intanet, GIMP tana buɗe ta.

Akwai kuma wata TIFF da ta fi duka keɓanta, wadda na'urar yin faranti ke ci. Ita ba ta da launi ko inuwa, kowane ɗigo ko dai tawada ko babu, kowace tawada da fayil nata, a kan ɗigo 2400 a inci ko abin da ya yi kusa da haka; A4 guda a wannan ma'auni ta haura ɗigo miliyan 550, kuma wani lokaci a juye take, ko baƙi ya zama fari. Wannan ba abin aika wa mai kaya ba ne, kuma in aka rage ta kai tsaye sai wani zane mai kama da igiyar ruwa ya bayyana wanda babu shi a bugu. A koma ga fayil ɗin da aka fitar da ita daga gare shi. In kuwa ya ɓata, ita kaɗai ta rage, to a fara mai da ita mai inuwar toka, sa'an nan a rage, domin ɗigogin su narke su zama inuwa.

Siga biyu kuma sukan biyo ta ofishin kamfani jefi-jefi. Hoton fili daga sama, irin wanda masu safiyo da hukumar KANGIS ke aiki da shi, yakan zo a GeoTIFF, wadda ke ɗauke da lambobin da ke nuna inda kowane ɗigo yake a doron ƙasa. Ana buɗe ta da manhajar QGIS a fitar da PNG, amma PNG ɗin ta kallo ce kawai, ba a auna iyaka da ita. Hoton ƙashi ko ƙirji da ma'aikaci ya karɓo a faifai daga asibiti kuwa DICOM ne, kuma a cikinsa akwai sunan majiyyaci da shekarunsa. In an juya shi JPEG inuwoyi da yawa da likita ke bukata sun tafi, don haka faifan ake kai wa likita, kuma sirrin mai shi amana ce a wuyan wanda ya buɗe.

Wannan batu na amana shi ne ya sa ba na son shafukan intanet masu juya hoto kyauta a irin wannan aiki. Wanda ya ɗora zanen kwalin da bai fito kasuwa ba a kan shafin da bai san mai shi ba, ya miƙa cikakken asali ga baƙo, a ƙasar da masu yin jabun kaya ba abin da suke nema kamar wannan. Haka nan hoton waya yakan ɗauki bayanin wurin da aka ɗauke shi da lokaci a ɓoye. In ba a bukatarsa, a cire shi lokacin fitarwa.

Muƙabala da aikawa

Idan kwafi ya fito, ka buɗe shi gefe da gefe da asali, ka faɗaɗa shi zuwa girmansa na ainihi, ka bi shi a tsanake. Ka karanta lambar NAFDAC lamba-lamba, da nauyin haja, da adireshi, da wurin ranar yi da ranar lalacewa. Ka dubi layukan lambar sayarwa, waɗanda na kayan da aka yi wa rajista a Nijeriya ke farawa da 615, ka ga ba su manne da juna ba. Ka dubi haruffanmu masu lanƙwasa, ɓ da ɗ da ƙ, domin idan kwamfutar da ta buɗe PSD ba ta da irin rubutun da mai zane ya yi amfani da shi, takan musanya shi da wani, su kuwa su ne farkon faɗuwa, su zama akwati ko alamar tambaya. In akwai Larabci ko ajami, ka tabbata haruffa suna haɗe kuma daga dama suke tafiya, domin manhajar da ba a saita ta ba takan warwatsa su ta jera su daga hagu, kuma an sha ganin haka a jikin kaya a kasuwa. Bayan haka ka tura wa wayarka, ka duba a can, domin a waya mai kaya zai gani.

Wajen aikawa ta WhatsApp, hoton da aka tura a matsayin hoto manhajar takan rage shi ta sake matse shi, ta warware rabin wahalar da ka sha. A tura shi a matsayin takarda, sai ya isa yadda ya bar hannunka. Sunan fayil kuma ya ɗauki sunan haja da kwanan wata da lambar gyara, domin ranar da gyara ya kai na biyar kada a buga na uku.

Sau da yawa kuma al'amarin yakan juyo ta ɗaya fuskar, mai kaya ya turo tambarinsa da ya yi shekaru yana yawo daga waya zuwa waya, ya ce, "Ga shi nan, a sa mini a buhu." Hoto mai ɗigo 800 a faɗi, a ma'aunin 300, bai kai santimita bakwai ba a takarda, kuma mai da shi TIFF ba ya ƙara masa ko ɗigo guda na gaskiya. Manhajojin zamani masu faɗaɗa hoto ƙirƙiro abin da babu suke yi bisa zato, kuma a kan rubutu sukan karkatar da haruffa. Amsar da ta dace ita ce, "Alhaji, a yi haƙuri a nemo wanda ya zana shi tun farko, in kuwa ba a same shi ba, a ba ni kwana biyu in sake zana shi da layi," kuma a faɗi kuɗin wannan aiki tun kafin a fara.

Asalin fayil kuwa a ajiye shi wuri biyu, ɗaya a kwamfuta, ɗaya a wata ma'ajiya da ba ta kwana a ɗaki ɗaya da ita, nesa da zafi da ƙurar hunturu. Kuma kada a yi juyin manyan fayiloli ba tare da batirin tsaro a jikin kwamfuta ba, domin wutar da ta ɗauke ana tsakiyar rubuta fayil takan bar shi rabi, ya ƙi buɗuwa har abada. Game da launi, a gaya wa mai kaya a fili cewa hoton da ke wayarsa na tabbatar da rubutu ne da tsarin zane, domin wayoyi biyu ma ba sa nuna ja iri ɗaya. Kafin a sassaƙa silinda ko a yi faranti, a nuna masa littafin launuka ya ɗora yatsa a kan wanda yake so. Ranar da aka ɗora aiki kuma a ciro bugun farko a kan ainihin ledar ko kwalin, a fita da shi hasken rana, ya duba, ya sa hannu da kwanan wata a bayansa, a ajiye ɗaya a wurin mai injin, ɗaya a wurinsa.